Lawali, ka juya kujerarka ta kalli bango

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga maigidana Lawali, mai shirin tafiya makarantar 'yan sanda bai sallami amaryarsa ba.

Ina gaishe ka gaisuwar da kake gudu tun ranar Lahadi. Ina kwananka, ina gajiyar ɓuya? Allah ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, ya raba ka da ramukan hanyar Agadas, ya kai ka Yamai da ƙafafunka biyu da hankalinka ɗaya. Allah ya sa ka dawo mana da kaki a jiki da kunya a ido.

Na ga yadda kake shigowa gida kwanan nan, kana raɓawa ta bayan ɗakina kamar akuyar da ta ci dawar maƙwabta. Na aika a kira ka, an ce kana wurin tela. Na sake aikawa, an ce kana wurin aski. Kai da kanka ɗaya, sau nawa ake aske shi a mako? To tunda kunnenka ya ƙi zuwa, ga takarda. Na cusa ta cikin sabon takalminka na dama, don na san ko abinci ka ƙi, takalmin nan kullum sai ka gwada shi ka zaga tsakar gida. Rubutun nawa na makarantar manya ne da muka yi a Akokan mu matan ma'aikata. In ka ga harafi ya karkace, ka bi shi a hankali yadda ake bin tsohuwa, zai kai ka inda za shi.

Zan fara da abin da ya faru ranar Lahadi, don na ji ana ba da labarin a gari har na soma tambayar kaina ko wata tsohuwar ce a bayan motonka ba ni ba.

Mun taso daga suna a Akokan za mu Arlit. Kai kake tuƙi, ni ina baya, tutar ƙasa da ka ɗaura a sanda tana ta marina a fuska. A gabanmu akwai Hamidu ɗan kabu-kabu, wanda ya yi aikin ramin haƙar yuraniyom har ranar da aka rufe shi, ya ɗauro buhun albasa. A ƙasan lambar motonsa ya rataya ɗan gwangwani, ya rubuta da farin fenti: "Mun ga tuta, ina aiki?" Manyan motoci suna ta tahowa daga gaba, ba ka samu hanyar wuce shi ba, dole ka bi bayansa kana karanta rubutun nan. Ina jin bayanka yana ƙara tauri a ƙarƙashin hannuna.

Ka ce, "Kaka, kin ga abin da ɗan iskan nan ya rubuta?"

Na ce, "Na gani. Rubutunsa ya fi nawa kyau. Kalli gabanka."

Ka danna oda. Ya ɗaga hannu yana nuna maka ka dakata kar ɗin ma'aikata, wato bas ɗinsu, ta wuce. Ka sake dannawa. Sannan ka ƙara wuta ka doki ƙafar bayan motonsa. Ba kuskure ba ne, Lawali, gwiwata tana nan tana shaida, don ita ta fara jin ka karkata. Hamidu ya faɗi, moton ya danne masa hannu, albasa ta watse a kwalta. Ka sauka, ba ka ɗaga shi ba, ka tsaya a kansa kana cewa maci amanar ƙasa, ɗan koren baƙi. Mutane suka taru, kowa ya ɗauki kalmar daga bakinka.

'Yan sanda biyu suka iso. Babban ya ɗaga gwangwanin ya karanta, ya juyo ya dubi tutarka. Shi ke nan binciken ya ƙare. Ba wanda ya duƙa ya dubi ƙafar moton, ba wanda ya tambayi wa ke gaba wa ke baya.

Na ce masa, "Ɗana, jikana ne ya buge shi. Ina kan moton."

Ya ce, "Hajiya, rana ta buge ki. Je ki gida ki sha ruwa."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, kuma idona bai je ko'ina ba."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗarka, ya ce ka kai tsohuwa gida. Suka jefa Hamidu a mota da hannunsa yana lilo. Har yau yana komisariya, ofishin 'yan sanda, motonsa na kulle a bayanta, ana cewa ya tare hanya da gangan ya kuma zagi ƙasa, za a kai shi gaban alƙali. Jiya matarsa ta zo nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi komai ba. Ta zauna a bakin tabarma muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta ce, "Inna, an ce kina wurin." Na ce ina wurin. Ta ce to, ta ɗauki takalminta.

Ubanka ya shigo bayanta ya rufe ƙofa. Wai in yi haƙuri in kama bakina har kar ɗinka ta tashi ranar Asabar. Wai in sunanka ya shiga takardar 'yan sanda, kaziyenka ya ɓaci, wato shaidar nan ta rashin laifi da makarantar ke nema, kuma guri in ya kuɓuce ba ya dawowa. Na ce masa na ji. Na ce masa kuma ni na goya shi, na san tun yana ƙarami in ya fasa ƙwarya yakan tura ta ƙarƙashin gado.

Kafin in gaya maka abin da zan yi, bari in ba ka labarin matar da ka aura, don kana ganina da tasbaha kana zaton haka aka haife ni.

Lokacin da aka buɗe siyasar jam'iyyu, ni ina sayar da tuwo a inda kar ɗin kamfani ke sauke ma'aikata. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana rami. Jam'iyyarmu ta raba wa mata atamfa mai fuskar ɗan takararmu, fuska ƙatuwa kamar faifai. Na kai wa wani tela Bakatsine, ban san ɗan ɗaya jam'iyyar ne ba. Ya ɗinka mini siket ya daidaita fuskar mutumin nan a mazaunaina, daidai wa daida. In na yi tafiya, ɗan takara yana gyaɗa kai. In na zauna, ya shiga uku. Matan unguwa suka ce in cire, na ce ban cirewa, duk wanda ya bi bayana dole ya gaisa da shi.

Wata safiya ina tsallaka titi da tukunyar miyar kuka a kai, motar kamfe ta ɗaya jam'iyyar ta taho cike da samari. Direban ya hango siket ɗin. Ya bar hannunsa ya biyo ni, sai da ya zo dab da ni ya danna oda. Na yi tsalle, rabin miyar ya bi bayana. Samarin suna ihu wai ɗan takarana ya sha miya. Idona ya rufe. Na sauke tukunyar na watsa musu sauran da dukkan ƙarfina.

Motar ta riga ta wuce. Miyar ta sauka a kan Lalla, wata Buzuwa mai sayar da cuku a gefen titi, wadda ba ta san sunan jam'iyya ko ɗaya ba, wadda takan riƙe mini ƙanwar ubanka in ciniki ya yi yawa. Tafasasshiya ce. Da tabon nan a ƙaurinta aka binne ta.

Ka ji karatu na farko ke nan. Fushin titi ba ya samun wanda aka yi dominsa. Wanda ya tsokane ka yana da taya, ya yi gaba, wanda ke kusa shi ke sha. Kai ma da fenti kake faɗa ranar Lahadi, amma fenti ba shi da ƙashi, na Hamidu ne ya karye. Duk ranar da ka ji bayanka ya yi tauri a kan moto ko a cikin mota, ka sauka gefe ka tsaya. Ka sayi ruwa ka sha, ka zagi wanda za ka zaga a cikinka. Ba wanda aka taɓa kaiwa asibiti don an zage shi a ciki.

Ranar nan aka kai ni komisariya. Jam'iyyar direban ke mulki. Na tarar da shi zaune a kujera yana shan shayi tare da babban ɗan sandan wurin, wani dogo mai gashin baki, ba zan faɗi sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya. Ni aka nuna mini ƙasa. Na zauna a kan ɗan takarana har la'asar. Ba a tambaye ni ko miyar ta ƙona wani ba. Lalla tana can tana birgima, ba ta dame su ba. Siket ɗin kawai ake tuhuma, wai na fito da shi don in tayar da fitina. Sai da kakanka ya fito daga aiki ya zo ya durƙusa, da hular ƙarfensa a hannu, aka sake ni.

Ka san karatun da na ɗauka a wurin? Na banza. Ban ce ɗan sanda bai kamata ya kalli zane ba. Cewa na yi, Allah ya kawo ranar da nawa zanen zai yi sama.

Ya kuwa kawo ta. Muka ci zaɓe. Aka naɗa ni shugabar matan unguwa, na ƙara faɗi, na ƙara murya. Akwai wata Ramatu 'yar Tawa, ita ma mai tuwo, 'yar waccan jam'iyyar, rumfarta ce ta fi kusa da ƙofar kar, ma'aikaci yana saukowa ita yake fara gani. Na ɗaura siket ɗina na tafi komisariya. Mai gashin bakin nan da ya zaunar da ni a ƙasa ya miƙe tsaye, ya goge kujera da hularsa, ya ce, "Shugaba, me za a kawo miki?" Kafin azahar an tashi rumfar Ramatu, an mayar da ita can bayan masu gawayi, wai tana tare hanya. Na yi guɗa har muryata ta dushe. Na ce yau ƙasa ta gyaru.

Ana nan aka ɗauke mai gashin baki na ɗan lokaci, aka kawo wani brigadiye daga wajen Doso, gajere, baƙi, Hausarsa a karkace, mace ma "kai" yake ce mata. Ba mu san halinsa ba sai da kamfe ya sake zagayowa.

Su Ramatu suka shirya jerin gwanon moto za su bi ta gaban rumfata. Na ce wallahi ba za su bi ba. Na ɗauki dogon bencin da ma'aikata ke zama na gitta shi a titi, na hau na zauna ina tsince shinkafa. Ɗan Ramatu ne a gaba, ya taho a guje yana kallon 'yan mata, ya yi karo da bencin, ya tashi sama ya sauka cikin tukwanena. Ya miƙe ya zabga mini mari. Na kama shi da muciya. Ramatu ta iso ta kama ni da ɗankwali. Haka aka kwashe mu gaba ɗaya.

Muna shiga ofishin muka tarar da ƙeya. Brigadiyen ya juya kujerarsa tana kallon bango tun kafin a shigo da mu. Na zaci salla yake, na duba, ba gabas ba ne.

Ya ce da bango, "Mace na farko, faɗi. Kar ka faɗa mini jam'iyya. Faɗa mini benci ina yake, moto ina yake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sai ka juyo ka ga mai magana."

Ya ce, "Kunnena yana baya ma. Faɗi."

Na faɗi nawa, na sa gishiri. Ramatu ta faɗi nata, ta sa yaji. Ya aika a kira mai shayin da ke gefen titi, shi ma ya yi wa ƙeyar bayani. Sannan ya ce da bango: mai benci ya yi laifi, titi ba ɗakinsa ba ne, zai gyara fitilar moton. Mai moto ya yi laifi, ya yi gudu cikin mutane ya kuma mari uwar wani, zai wanke tukwanen nan tas a bakin titi inda kowa zai gani. Jerin gwano kuma gobe zai bi ta nan, na wannan jam'iyya da safe, na waccan da yamma.

Na miƙe na buga ƙafa. Na ce, "Ka san ko ni wace ce?"

Ya ce, "Ban sani ba. Shi ya sa na juya."

Daga ranar matan Akokan suka sa masa suna Kallon-Bango. Duk shari'ar titi da aka kai masa lokacin kamfe haka yake yi. In motoci ne suka yi karo, sai ya sa a rufa buhu a kan hotunan da aka manna kafin ya fito ya duba. Yara har kwaikwayonsa suke a lungu, ɗaya ya ba da baya, biyu su yi ta ƙarya.

Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Mu ke mulki a ce in gyara fitilar ɗan adawa? Na tara mata, muka ɗaura atamfa iri ɗaya muka cika gidan babban jam'iyya. Muka ce an kawo mana ɗan sandan da ba ya ganin girman gwamnati, har baya yake ba ta. Ba a daɗe ba aka tura shi Assamakka, bakin iyaka, inda ba inuwa sai ta babbar mota. Ranar da zai tafi ya zo rumfata da jakarsa ya ce a zuba masa tuwo. Ya zauna a kan bencin nan dai, yana fuskantata, ya cinye ya suɗe hannu. Ya ce, "Tuwonka da daɗi. Ashe kai ne mai benci, na gane murya." Ya sa hularsa ya tafi. Ban ƙara ganinsa ba.

Mai gashin baki ya dawo, na yi murna. Sannan mulki ya juya, kamar yadda ya saba juyawa a ƙasar nan ba ya sallama. Wata safiya ina hura wuta na ga takalmi a gabana. Shi ne. Ya sa ƙafa ya ture duwatsun murhuna, ya ce rumfata tana tare hanya. Kalmar da ya faɗa wa Ramatu ita ya faɗa mini, ko muryarsa bai sake ba. Na ɗaga kai ina neman wanda zai tambaye ni benci ina yake, moto ina yake. Mutum ɗaya ne a garin yake wannan tambayar, ni kuma da ƙafata na je na sa aka kai shi Assamakka.

Aka mayar da ni bayan masu gawayi, gefen Ramatu. Ta matsa mini wuri ta ce, "Shugaba, sannu da zuwa. Ina ɗan takara, yana nan lafiya a inda muka bar shi?" Tare muka tsufa a wurin, ita ta yi mini wankan jegon autana.

To maigida, buɗe kunnenka. Ɗan sandan da ya dafa kafaɗarka ranar Lahadi ba sonka yake ba. Bai san sunanka ba. Tuta ya gani, kamar yadda wancan ya ga siket. Ranar da iska ta juya, da wannan hannun zai shaƙe wuyan rigarka, kuma zai yi barci lafiya. Na zauna a ƙasa a gabansu, na zauna a kujera a gabansu, na san daɗin kujerar, ba wanda zai ba ni labari. Kujerar nan aro ce.

Kar ka ce kakarka ba ta son ƙasa. Tutar nan na girme ta a wahala. Kakanka ƙarfinsa a ramin Akokan ya ƙare, ni kuma na ciyar da rabin waɗanda suka haƙa shi. Duk ranar da aka ce arzikin ƙasar nan na 'ya'yanta ne, guɗata ake fara ji a unguwa. Amma wanda aka ce abu nasa ne yana da ikon ya tambaya ina yake. Me Hamidu ya rubuta? Tambaya ce. Kai ma ka yi ta a tsakar gidan nan, shekarun da ka gama lakwal, makarantar boko, kana zaune, bakinka cike da tuwona, kana cewa sai yaushe. Bambancinku ɗaya ne, kai ba ka da fenti. In tambayar ta yi maka zafi, ka sayi gwangwani ka rubuta amsa ka rataya a naka moton, ku yi ta zaga gari kowa ya karanta. Haka ake yi. Ni da fuskar mutum na zaga Akokan a inda ka sani, ba wanda ya mutu.

In Allah ya sa ka saka kakin nan, za a kawo maka mutane biyu kullum, ɗaya da abin da kake so a goshin motarsa, ɗaya da abin da ka tsana. Zuciyarka za ta yanke hukunci tun suna bakin ƙofa, haka zuciya take, tawa ma haka take. Ka juya kujerarka. In manyanka ba su yarda ka juya ta katako ba, ka juya ta cikin kanka. Ka tambayi moto ina yake, wa ke gaba, wa ke baya, wa ya ji ciwo. Mai ciwo asibiti ake fara kai shi, ko me ya rubuta. In tsohuwa ta ce maka tana wurin, ka ciro alƙalami, kar ka aike ta shan ruwa. Kuma ka sani za su iya tura ka Assamakka. Akwai mata irina a kowane gari, da atamfarsu a ninke. In an tura ka ka tafi, mutane ne a can ma, ana kiran salla.

Yanzu ga abin da zan yi, don kar ka ce na yi maka kwanton ɓauna.

Ranar Alhamis da hantsi zan tafi komisariya. Na buɗe akwatina na ciro siket ɗin. Asu ya ci wa ɗan takara kunne ɗaya, ya koɗe, ba wanda zai gane shi yanzu, shi kansa ya daɗe a kabari. Tela ya ƙara mini ƙyalle a gefe don amaryarka ta yi jiki. Zan shiga in ce wa babbansu ya juya kujerarsa ya saurare ni. In ya ƙi juyawa, ni zan juya masa baya, ya yi magana da ɗan takara. Zan faɗi wa ke gaba, wa ke baya, wa ya ƙara wuta. In sun ce rana ta buge ni, zan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarsu in faɗa wa duk mai wucewa, kuma ka san Allah bai rage ni a murya ba. In sun kulle ni, sai su nemo mai dafa musu haƙuri, don ba zan yi shiru a ciki ba. Zan faɗi sunanka cikakke, da na ubanka.

Wannan ba ya hannunka, ba ya hannun ubanka. Abin da ke hannunka shi ne ko ni kaɗai zan shiga, ko kana gabana. In ka zo, kai za ka fara magana, ni in tsaya a baya in ce yaron nan da ƙafarsa ya zo. Ka ce musu ka buge shi, ka ce fushi ne, ka ce su sake shi su ba shi motonsa da gwangwaninsa. Sannan mu wuce tare ka duba hannun nan, ka gaishe da matarsa kana kallon ƙasa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce gurinka ba zai taɓu ba. Zai iya taɓuwa. Mai yiwuwa su rubuta, mai yiwuwa makarantar ta ji, mai yiwuwa ranar Asabar motar ta tashi kana tsaye a tasha kana ɗaga mata hannu. Na kwana ina juya wannan, na yi kukan da ba ka gani ba, don ni na sayar da tunkiyata aka sayi takalmin da ke hannunka. Amma na auna. In ka zauna, na samu jika marar aiki, na saba, tuwo bai ƙare ba, wata shekarar ka sake nema. In ka tafi a haka, ka bar mutum a kulle da karyayyen hannu don ka samu kaki, to na san irin ɗan sandan da na haifa wa ƙasa, na san gashin bakinsa tun bai tsiro ba. Na kori Kallon-Bango sau ɗaya. Ba zan tura musu wani mai gashin bakin daga cikin ɗakina ba.

Ka yi fushi da ni in kana so. Ka sake ni ma, ka ga ko akwai wata mai haƙori uku da za ta kula ka.

Allah ya tsare mini kai a kan titi da cikin ofis. Allah ya sanyaya maka baya in ya yi tauri, ya riƙe hannunka in ya yi nauyi. Allah ya kare ka daga masu dafa kafaɗa, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya ko da tsofaffi ne. Allah ya ba Hamidu lafiya, ya jiƙan Lalla, ya jiƙan kakanka, ya kai rahama inda brigadiyen nan yake, a sama ko a ƙasa. In tafiyarka alheri ce Allah ya tabbatar da ita, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Ranar Alhamis ka bar moton a gida, ba na hawa bayanka sai ka koyi birki. Da ƙafa za mu. Ka saka takalmin nan da ka ciro takardar daga cikinsa. In har shi zai kai ka Yamai, to ya fara kai ka komisariya.

Ni ce amaryarka da kake ɓuyar wa,
Kaka Hajo mai tuwon bayan masu gawayi.